Wa Ke Da Garke, Wa Ke Da Ƙwarya?

 

Yau za mu taɓo wata magana da ba mu saba yi ba a wannan fili. Kullum in an zauna taro, ƙorafinmu a kan na waje ne: an cinye burtali da noma, an kafa shinge a hanya ana karɓar na goro, ɓarayi sun kore garke, harawa ta yi tsada. Duk wannan gaskiya ne, ba kuwa za mu daina faɗa ba. Amma akwai tambaya ta cikin gida wadda muke kauce mata. Cikin shanun da ke shan ruwa a rijiyoyin Abalak da Dakwaro da Tanut, nawa ne na mutumin da ke riƙe da sanda a bayansu? Kuma kuɗin nonon da ake tatsa, hannun wa suke shiga? Masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. To, bari mu gyara.

Mu fara da abin da muka sani. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 zuwa 1974 ba, da yawanmu kuma mun ga na 1984 da idonmu. Da ciyawa ta ƙare, kowa ya kora abin da ya rage masa zuwa kasuwa a lokaci guda. Shanu suka yi yawa, ga su ramammu, kuɗinsu ya faɗi warwas, hatsi kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Makiyayi ba shi da zaɓi, ko ya sayar a wulaƙance ya auno gero, ko ya tsaya yana kallo saniya ta faɗi. Su wa ke da kuɗi a hannu a wannan lokaci? Manyan ƴan kasuwa da ma'aikata masu albashi da masu kaki. Suka saya da arha, suka riƙe da angurya da dusa, wasu suka loda a mota zuwa kudu. Da damina ta dawo ciyawa ta tsiro kamar yadda ta saba, amma shanu sun riga sun sake hannu. Shi kuwa sabon mai shanu bai san daji ba, bai san jan wasaki ba, dole ya nemi wanda ya iya. Wa ya iya? Wanda ya sayar masa jiya. Ta haka mutum ya koma ɗan kiwon haya a bayan shanun da aka haifa a turken mahaifinsa. Haka aka maimaita a 2010. Ko a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi har bisashenmu suka yi kasuwa a ƙasashen bakin teku, mai garken sayarwa shi ya ci riba, mai riƙe da sanda kuwa sai ya ga tsadar shayi da sukari da magani.

Ba a kanmu aka fara wannan ba. Masana zaman jama'a sun daɗe suna gardama a kan dalilin da ya sa, a ƙarƙashin tsarin jari-hujja, wasu ke tarawa wasu na tsiyacewa, da kuma dalilin da ya sa mata suka fi shan wuya. Bai kamata mu bar wa ƴan jami'a wannan ilimi su kaɗai ba, tunda zancenmu ake yi. Za mu kawo bayanansu mu auna da mudunmu, mu ɗauki tsaba mu zubar da ƙaiƙayi.

Bayani na farko shi ne wanda masu hali suka fi so. A 1945 wasu malamai biyu na Amurka, Davis da Moore, suka rubuta cewa bambancin samu yana da amfani ga al'umma. Wai aikin da ya fi muhimmanci, ya fi buƙatar gwaninta da doguwar koyo, dole a ba shi lada mai tsoka, in ba haka ba babu mai yarda ya sha wahalar koyonsa. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, don kowa ya san rago da mai himma ba sa zama ɗaya. To, amma mu gwada maganar a daji. Wane aiki ne ya fi kiwo buƙatar sani? Tun yaro yana ɗan shekara bakwai yake koyo. Ya san kowace saniya da sunanta da uwarta da kakarta, ya san ciyawar da ke sa nono da wadda ke kumbura ciki, ya san hanya da taurari, ya wuni a bakin rijiya mai zurfi a tsakiyar bazara. Da lada na bin gwaninta da wahala, da shi ne attajirin ƙasar nan. Tun a 1953 wani malami, Tumin, ya mayar musu da martani cewa na sama su ke yanke wane aiki ne mai daraja, kuma ɗan talaka ba ya ma samun damar nuna basirarsa. Mun yarda da shi.

Bayani na biyu na Kal Markis ne, Bajamushen nan da ya ƙare rayuwarsa a Landan, wanda littafinsa a kan jari ya fito a 1867. Shi abin da ya duba shi ne wa ya mallaki abin da ake aiki da shi, ko ƙasa ce, ko masana'anta, ko kayan aiki. A nan jama'a ta rabu biyu: masu jari, da waɗanda ba su da komai sai ƙarfinsu, dole su sayar da shi su ci abinci. Ma'aikaci yana samar da abin da ya fi ladan da ake ba shi, ragowar ita ce riba, ita kuma riba ta koma cikin jari ya ƙara ƙiba. Babu wanda zai gane wannan da sauri kamar makiyayi, domin namu jarin da ƙafafunsa yake tafiya, kuma a gabanmu yake haihuwa. Ko a harshen Turawan Ingila, kalmar jari da kalmar shanu tushensu ɗaya ne, kamar yadda Bafillace ke cewa jawdi yana nufin arziki yana kuma nufin dabbobi, mu ma in mun ce dukiya kowa ya san abin da muke nufi. A ba mutum kai ɗari ya kiwata. Shekara ta zagayo, an sami ƴan maruƙa, bijimai sun yi tozo. Duk na mai garke ne. Shi ɗan kiwo yana da ɗan abin wata, da buhun gero, da abin da ya tatsa. In saniya ta ɓata ko ta faɗa gona, sau da yawa a cikin ladansa za a cire. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Illar ba ta tsaya a aljihu ba. Wanda ke kiwon shanun wani ba shi ke yanke inda za a nufa ba, ba ya iya yi wa ɗansa alkawarin karsana ranar suna, ba ya kuma iya ba ɗan'uwansa haɓɓanaye. Wannan al'ada ce ta riƙa tayar da wanda ya faɗi: a ba shi aron karsana ya riƙe har ta haihu sau biyu ko uku, gwargwadon al'adar wuri, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. To, wa ke ba da aron abin da ba nasa ba? Duk garken da ya koma hannun mai zaman birni, an rufe ƙofa ɗaya ta taimakon juna ke nan.

Markis ya kuma ba da labarin yadda aka tara jarin farko a Ingila. Filayen da mutanen ƙauye ke amfani da su tare, masu ƙasa suka zagaye su da shinge don kiwon tumaki saboda kasuwar ulu, talakawa suka rasa madafa, suka kwarara birane neman ƙwadago. A can da tumaki aka kori manoma, a nan da waya ake korar masu kiwo. Mai kuɗi ya haƙa rijiyarsa a tsakiyar makiyaya, kowa kuwa ya san da rani mai rijiya shi ke da ciyawar da ke kewaye da ita. Wani ya sa a share ciyawa da amalanke a kai gari a ɓoye, sai bazara ta tsananta ya sayar mana da abin da muka saba samu kyauta. Alhali dokoki na nan. Akwai ta 1961 wadda ta shata iyakar noma daga arewa, akwai kundin dokokin karkara na 1993, akwai kuma ta 20 ga Mayu 2010 wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta kuma hana wani ya mayar da yankin kiwo mallakarsa shi kaɗai. Doka a takarda daban, doka a bakin rijiya daban.

Sai dai kada wani ya ɗauka mun zama mabiya Markis. Mutum na iya gane cuta ya kasa gane magani. A Tarayyar Sobiyet, inda aka yi mulki da sunansa, gwamnati ta ƙwace dabbobin makiyayan Kazakistan, ta tilasta musu zama wuri ɗaya, tsakanin 1930 da 1933 yunwa ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarin dabbobin kuma suka ƙare. Ba mu neman a ƙwace wa kowa garkensa a ba gwamnati. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai kuma abin da lissafin kuɗi kaɗai ba ya bayyanawa, a nan ne bayanin wani Bajamushen, Maks Weba, wanda ya rasu a 1920, ya yi amfani. Shi ya ce tsani uku ne mutane ke hawa: dukiya, da daraja a idon jama'a, da iko. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa Bafillace mai kai ɗari uku zai tsaya a gaban hukuma yana rawar jiki, ƙaramin ma'aikaci da bai mallaki akuya ba yana daka masa tsawa. Ya kuma bayyana yadda iko ke haihuwar dukiya, don shanun mai muƙami ba sa kwana a gidan tsare dabbobi, ba sa kuma layi a bakin famfo. In sun yi ɓarna a gona babu mai zuwa birni neman mai su, a kan ruga mafi kusa fushin manoma ke sauka. Maganar daraja ta shafi cikin gidanmu ma. An sa bauta cikin manyan laifuka a dokar Nijar a 2003, amma har yau akwai waɗanda ake yi wa gorin asali a wajen aure da shugabanci da rabon ruwa. Ba za mu nemi adalci a waje muna hana shi a ruga ba.

Yanzu sai maganar mata. A 1884 Engels, abokin Markis, ya fitar da littafi a kan asalin iyali da mallaka, ya kuma ɗora laifin a kan shanunmu. Ya ce da mutane suka fara kiwo sai aka sami dukiyar da ke haihuwa, ta faɗa hannun maza, su kuma suka so ƴaƴan cikinsu su gaje su, daga nan aka danne mata. Amma Engels a littattafan wasu ya karanta labarin makiyaya. Da ya kwana a ruga da ya ga cewa ana ba ƴa mace saniya tun tana jaririya, tana da shanun sadakinta, kuma ko wa ya tatsa, da zarar nono ya shiga ƙwarya ya zama nata. Ita ke kaɗa shi ta fid da mai, ita ke dama fura, ita ke kai wa kasuwa, ba ta kuma yi wa kowa lissafi. A wajen Abzinawa tanti ma na mace ne. Ashe saniya ba ta da laifi. Abin dubawa shi ne abin da ya sami ƙwarya tun da kasuwar zamani ta shigo.

Wata masaniyar tattalin arziki ƴar ƙasar Denmak, Ester Boserup, ta nuna a 1970 cewa Turawan mulkin mallaka, da masu aikin raya ƙasa da suka biyo bayansu, da maigida kaɗai suke magana. Shi ake koya wa sabuwar dabara, shi ake ba bashi, sunansa ake rubutawa. Mun ga haka bayan fari, lokacin da ake rabon dabbobin farfaɗo da garke: a gidaje da yawa shanun da suka mutu har da na mata, amma waɗanda aka raba da sunan maza suka shiga takarda. Ga kuma mai garke na birni, shi nama yake so, don haka yakan hana a tatsa da yawa don maraƙi ya yi saurin girma. Ƙwaryar matar ɗan kiwo ta ragu ke nan tun daga turke.

Wani Bafaranshe kuma, Claude Meillassoux, wanda ya yi bincike a Kwaddibuwa da Mali, ya yi wata tambaya a 1975: in ladan ɗan ƙwadago bai isa ya riƙe iyali ba, wa ke cike giɓin? Amsarsa ita ce gida, akasari kuma mata. Su ke renon wanda zai zama ma'aikacin gobe, su ke jinyarsa, wurinsu yake komawa in ya tsufa, duk ba tare da mai jari ya biya ko dala ba. Mu duba namu. Abin da ya sa ake samun ɗan kiwo da arha shi ne matarsa na ɗebo ruwa, tana itace, tana daka, tana kula da ƴan maruƙa da marasa lafiyar dabbobi, in abin ya ƙi ta tafi birni kitso ko tallar magani. Mutum ɗaya aka ɗauka aiki, amma gida guda ke yi.

Sa'an nan ga madarar gari. A 1984, shekarar da shanunmu ke mutuwa, ƙasashen Turai madara ce ta yi musu yawa har suka ƙayyade wa kowane manomi abin da zai tatsa. A 2015 suka ɗage wannan ƙa'ida. A cikin abin da suke turo mana akwai wadda aka cire mata man shanu, aka sayar da shi daban da tsada, aka maye gurbinsa da man itatuwa irin na kwakwar manja, shi ya sa ta fi arha. A shekarar 2015 ɗin nan ne harajin bai ɗaya na ƙasashen Afirka ta Yamma ya fara aiki, aka sa wa manyan buhunan madarar gari kashi 5 cikin 100 kacal, alhali ƙasashen Afirka ta Gabas irin su Kenya sun sa kashi 60. Da wannan buhu ake so matar da ta yi tafiyar sa'a uku da ƙwarya a ka ta yi gasa. Inda kuma aka kafa wuraren tattara madara a kewayen manyan garuruwa, abin alheri ne, amma mu faɗi gaskiya: da madara ta bar ƙwarya ta shiga jarka, ta hau babur, ta fara kawo jikkuna, a gidaje da yawa mu maza muka karɓe ta. Wannan ba Bature ya yi mana ba. Kuɗin nono kuwa kowa ya san inda suke zuwa in suna hannun uwa: cefane, sabulu, maganin yara, kayan ɗakin ƴa. A Indiya ƙananan masu shanu sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a garin Anand a 1946, ana auna madarar kowa a biya wanda ya kawo, gwamnati ta yaɗa tsarin daga 1970, zuwa 1998 sun wuce kowace ƙasa yawan madara. Da masu saniya biyu da uku suka kai nan.

To, me muke so? Na farko, duk kiwon haya a yi shi da yarjejeniya rubutacciya a gaban arɗo ko shaidu, a faɗi lada, a faɗi wa ke biyan ɓarna, a kuma sa karsana cikin ladan, domin wanda ya yi shekara biyar a bayan shanun wani ya fita da abin kafa nasa turken. Na biyu, ƴan kiwon haya da mata su sami katin ƙungiya da sunansu, da bakin magana da ƙuri'a. Ya isa haka a kira mata taro don girki kawai. Na uku, kuɗin madara a biya mai ƙwarya a hannunta, kuma shanun gadon ƴaƴa mata da na sadaki a fid da su a nuna, kada a bar su cikin garken yayye da sunan riƙo har magana ta shiririce. Addini ya riga ya yanka musu rabonsu. Na huɗu, mu kafa rumbunan dusa da angurya tun da kaka, mu kuma koyi rage garke tun dabba na da nama, domin kada fari mai zuwa ya same mu kamar yadda na 1984 ya same mu. Na biyar, mu matsa wa hukuma ta yi aiki da dokar 2010, ta cire wayar da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba ko ta wane ne, ta ƙara wa madarar gari haraji, a kuma rubuta gaskiyar abin da ke cikin buhu.

Ku kuma ƴan'uwanmu fatake da dillalai, wannan magana ba gaba ba ce da ku. Ba domin ku ba da sanmu bai kai Maigatari ko Ikko ba, mun kuma san asarar da kuke yi a hanya da abin da ake tatsa a jikinku a kowane shinge. Halal ne mutum ya sayi shanu ya ba da kiwo. Abin da muke roƙo shi ne a faɗi ciniki a fili, la'ada ta zama sananniya, wanda ya ba da kiwo kuma ya biya haƙƙin gumi. Ku tuna, ranar da shanu suka taru a hannun mutum goma masu motocinsu da mahautansu, babu mai neman dillali, babu mai neman ƙaramin falke. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Fari daga Allah ne, ba mu da ikon hana shi. Amma wanda zai fita daga fari da garke, da wanda zai fita da sanda kawai, wannan tsarin mutane ne, mutane kuma na iya gyara shi. Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su yi boko ba, a bakin rijiya da rumfar kasuwa, ya kuma karanta wa iyayenmu mata su ji, su ba mu amsa. Wanda ke ganin mun yi kuskure, fili a buɗe yake, ya rubuto.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye dukiya, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Amin.